Wa Ya Ga Hannun Ɗalibin? Awon Likitocin da Madawa, Buza da Keita Ke Jira

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana bai gama shiga gida ba, sauro kuma ya cika kwarin Tarka da na Majiya, ɓangaren yara na asibitin gundumar Madawa kan cika ya batse. Masassarar cizon sauro da tamowa suna zuwa tare, sau da yawa a jikin yaro guda. Nauyin wannan lokaci ne ya riƙe ƙungiyar likitoci ta MSF a yankin tun bayan yunwar 2005, shi ne kuma ya sa Madawa da Buza suka shiga cikin gundumomin farko da aka fara raba wa yara maganin rigakafin masassara na damina a 2013. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 540,000 a gundumar Madawa, kusan 445,000 a Buza, kusan 337,000 a Keita, wato sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, a Nijar, ƙasar da ba ta kai likita ɗaya ga mutum 10,000 ba. Sabon likitan da aka turo ɗaya daga cikin waɗannan asibitoci ba shi da farfesa a ɗaki na gaba. Abin da hannunsa ya iya a daren da ya kwana aiki, shi ne iyakar abin da majiyyaci zai samu. Saboda haka ya kamata mutanen wannan yanki na Adar su tambayi makarantun likitanci: kafin ku sa wa wannan yaro hannu a takarda, wa ya tsaya ya ga yadda yake duba marar lafiya, sau nawa, kuma me aka faɗa masa bayan an gani?

Abin da takarda ke aunawa

Ɗan Buza ko ƴar Keita mai son zama likita kan nufi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda sashen koyon aikin lafiya nata ya faro tun 1974, ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Karatu ne na shekara bakwai ko fiye, cikin Faransanci, bisa tsarin da aka gada daga Faransa. Ɗalibi yana rubuta jarrabawa a kowane fanni ana ba shi maki bisa 20, yana zagaya ɓangarorin asibiti ana sa masa hannu, yana gabatar da majiyyaci a gaban malamai, a ƙarshe ya rubuta kundin bincike ya kare shi a gaban alƙalan jarrabawa, ya yi rantsuwar likitoci, dangi su yi guɗa. Wannan tsari ya fitar da likitocin da ƙasa ke tinƙaho da su, kuma yana auna abubuwa na gaske: ƙwaƙwalwa, juriya, da iya tsara tunani a rubuce. Likitan da bai san ƙa'idar magani ba haɗari ne, jarrabawar takarda ce kuma ke tace shi. Inda tsarin ke da rauni shi ne abin da ba ya gani.

A 1990 wani malamin likitanci na Amurka, George Miller, ya kasa ƙwarewar likita hawa huɗu: ya san abu, ya san yadda ake amfani da shi, ya iya nunawa idan an ce ya nuna, sannan yana aikata shi a bakin aiki. Takarda tana auna hawa biyu na ƙasa, majiyyaci kuwa a hawa na sama yake rayuwa ko ya mutu. A ɗauki yaron da aka kawo daga ƙauye, idanu sun faɗa, fata ta saki, yana gudawa. Ɗalibin da ya haddace babin ƙarancin ruwa a jiki zai yi sauri ya ɗaura masa ruwa ta jijiya. Amma idan yaron mai tamowa ce mai tsanani, waɗannan alamu suna ruɗarwa, zuciyarsa kuma ba ta da ƙarfin ɗaukar ruwa da yawa, ruwan da aka ɗaura don ceto shi ne zai iya kashe shi. Abin da zai hana wannan kuskure ƙanana ne: a zagaya igiyar awo a damtsen yaron a ga ko ya gaza milimita 115, a danna bayan ƙafafunsa biyu a ga ko yatsa ya bar gurbi, a duba sukarin jininsa, a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi, a ba shi madarar F-75 kaɗan-kaɗan. Ɗalibi zai iya zayyana wannan duka a takarda ya ci 16 bisa 20, ya zo gaban yaro ya manta da igiyar. Mai gyaran takarda ba zai taɓa sani ba. Wanda ya tsaya kusa da gadon ne kaɗai zai gani.

Majiyyaci ɗaya, rana ɗaya

Za a ce ai akwai jarrabawar gaban gado, inda ake ba ɗalibi majiyyaci ya duba ya zo ya yi bayani. Gaskiya ne, sai dai tana da aibi biyu. Na farko, galibi malamai suna sauraron bayanin ne, ba su ga duban ba, sai mai zaƙin baki ya wuce wanda hannunsa ya fi. Na biyu, binciken da Arthur Elstein da abokan aikinsa suka wallafa a 1978 ya nuna cewa ƙoƙarin likita a kan cuta ɗaya ba ya nuna ƙoƙarinsa a kan wata. Wanda ya dace da majiyyacin da ya karanta cutarsa jiya zai haskaka, wanda bai dace ba ya faɗi, alhali a mako na gaba za a iya samun akasin haka. Don magance wannan ne Ronald Harden na Jami'ar Dundee ya bayyana jarrabawar tasha-tasha a 1975. Ɗalibai suna zagaya ɗakuna, kowane ɗaki da aikinsa na ƴan mintuna, kowa yana haɗuwa da aiki iri ɗaya, malami yana zaune da takardar da aka jera abubuwan da ake son ya gani. Faransa kanta, wadda aka gaji tsohon tsarin daga gare ta, ta mai da wannan jarrabawa, da suke kira ECOS, ta ƙasa baki ɗaya a 2024, tana cikin abin da ke yanke fannin da ɗalibi zai ƙware a kai.

Amfanin wannan jarrabawa ga Adar ya dogara da abin da aka zuba a tashoshin. Idan an kwafo su daga Paris, za a auna likitan Paris. Tashoshin da yankin ke bukata a fili suke: a ƙirga numfashin jariri na minti guda cur a san cewa 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11 alamar ciwon huhu ce, a karanta takardar bin naƙuda a gane lokacin da ya wajaba a yi fiɗa ko a tura mace gaba, a ba mai jijjiga allurarta daidai awo, a gane sanƙarau a lokacin zafi. Akwai kuma tashar da ta fi kowace muhimmanci, ita ce ta magana. Ɗalibi ya yi shekara bakwai yana koyon cuta da Faransanci, ranar da ya sauka Keita kuwa tsohuwa za ta ce masa jikanta na fama da daji, ko iska ta taɓa shi, ko haƙori ne. Dole ya iya tono abin da ke ƙarƙashin waɗannan kalmomi ba tare da ya raina mai faɗarsu ba. Dole ya iya shawo kan magidanci ya yarda a yi wa matarsa fiɗa cikin dare, ya iya neman dangi su ba da jini, ya iya faɗa wa uwa rasuwar ɗanta, ya kuma iya aiki da tafinta idan majiyyacin Tamajak ko Fulatanci yake ji. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ya dace makarantun likitanci su ɗauki wannan da gaske, su riƙa ba da maki a kan bayanin cuta da harshen da majiyyaci ke ji, domin ɗalibi abin da ake aunawa yake karantawa.

Gyara a kan lokaci

Duk da haka jarrabawar tasha-tasha tana tsayawa a hawa na uku, don ɗalibi ya san ana kallonsa, majiyyacin ma sau da yawa ɗan kwaikwayo ne. Hawa na huɗu sai a asibiti. A 1995 John Norcini da abokan aikinsa a hukumar likitocin cututtukan ciki ta Amurka suka gwada wata hanya mai sauƙi: malami ya tsaya minti 15 zuwa 20 yana kallon mai koyo da majiyyaci na gaske, ya cika takarda shafi ɗaya, nan take ya faɗa masa abin da ya gani, a maimaita haka sau da yawa da malamai daban-daban. Ba ta bukatar na'ura ko wutar lantarki. Mutanen ƙasar Hausa ma ba baƙi ba ne ga wannan hikima. A makarantar allo, almajiri ba ya wanke allonsa sai malam ya zaunar da shi ya ji karatun da kunnensa, ya tsai da shi a kan harafin da ya karkace, ya sa shi ya maimaita har ya daidaita, sannan a ƙara masa. Ba a tara kurakuran wata shida a ba shi lamba guda. Ɗalibin likita da aka ce masa ya ci 11 bisa 20 a ƙarshen zama a ɓangaren haihuwa bai san wane tara ya rasa ba, majiyyatan da ya duba cikin watannin nan kuma sun riga sun sha kuskurensa.

Yadda ake gyaran shi ma ilimi ne. Jack Ende ya rubuta a mujallar likitocin Amurka a 1983 cewa gyara mai amfani yana tsayawa a kan abin da malami ya gani da idonsa, yana magana a kan aiki ba a kan halittar mutum ba, yana zuwa a kan kari, yana kuma taɓa abin da za a iya canzawa. A nan ne manyan likitoci da yawa ke da ja. Suna cewa su da tsawa aka koya musu, tsawar ce ta sa har yau ba su manta ba, kuma aikin da rai ke ciki ba ya son lallashi. A cikin maganarsu akwai gaskiya: kuskuren da zai kashe mutum dole a tsai da shi nan take, da kakkausar murya in ta kama. Amma tsai da kuskure daban, tozarta mutum daban. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi suka tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje a kan faɗa wa mutane sakamakon aikinsu, suka tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku sun rage ƙoƙarin mutum maimakon su ƙara, musamman idan maganar ta karkata daga aikin ta koma kan mai aikin. Ɗalibin da aka kira jaki a gaban majiyyata da ƴan jinya darasi ɗaya yake ɗauka, shi ne ɓoye rashin saninsa. Wannan ɗabi'a za ta bi shi har Buza, inda ranar da naƙuda ta gagara zai ji nauyin ɗaga waya ya kira na gaba da shi. Malamin da ya ja shi gefe ya ce masa, ka tambayi uwar da kyau, amma ba ka buɗe rigar yaron ka ga ƙirjinsa ba, je ka sake ina kallo, ya fi mai tsawa tsanani, don bai bar shi ya tafi ba sai da ya gyara.

Hali ma abin aunawa ne

Akwai abin da farfesa ba ya gani ko da ya tsaya a gaban gado, don kowa na gyara zama idan babba ya shigo. Wa ke zuwa a makare? Wa ke barci ya ƙi tashi idan an buga masa ƙofa? Wa ke daka wa ƴar ƙauye tsawa don ta zo da laya a wuyan yaro? Ungozoma da ma'aikatan jinya ne suka sani. Binciken da Maxine Papadakis da abokan aikinta suka wallafa a 2005 ya bi sawun likitoci 235 da hukumomi suka hukunta a Amurka, ya koma takardunsu na makaranta, ya tarar cewa wanda aka rubuta masa mummunan hali yana ɗalibi ya ninka sauran sau uku wajen fuskantar hukunci daga baya, kuma alamu mafi ƙarfi su ne rashin riƙon amanar aiki da ƙin karɓar gyara. Wasu za su ga ƙasƙanci ne a ce ma'aikacin jinya ya cika takarda a kan mai shirin zama likita. Amma ba a ce ya auna iliminsa na cuta ba. An ce ya faɗi abin da ya gani na zuwa aiki, da tsabta, da mu'amala. A asibitin gunduma, ungozomar da ta yi shekara 20 tana karɓar haihuwa ita ce malamar sabon likita ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma wanda bai koyi sauraronta yana ɗalibi ba, zai wahalar da mata kafin ya koya.

Tsoron sanayya

Hujja mafi nauyi a kan wannan tsari ita ce ta adalci. Takardar jarrabawa da aka rufe sunan mai ita ba ta san ɗan wane ba. Idan aka mai da hukunci hannun mai kallo, an buɗe ƙofar sanayya, da ƙiyayya, da matsa wa ɗalibai mata. Akwai kuma kishiyar wannan, wato alkunya: likitan da ya yi wata uku yana cin tuwo da ɗalibi zai ji nauyin rubuta cewa bai iya ba, sai ya sa hannu ya bar wa Allah. Wannan tsoro na gaskiya ne, amma tsarin da ya rataya makomar ɗalibi a kan sa hannun shugaban ɓangare shi kaɗai ya fi fuskantar haɗarin. Maganin da Cees van der Vleuten na Jami'ar Maastricht da abokan aikinsa suka daɗe suna bayyanawa shi ne a yawaita idanu a rage nauyin kowane ido. Kallo ɗaya ba ya kayar da ɗalibi, ba ya kuma tsallakar da shi. Ana tara takardu masu yawa daga mutane daban-daban, a asibitoci daban-daban, sannan kwamitin da bai ci tuwo da ɗalibin ba ya karanta duka ya yanke hukunci. Mai son kai ɗaya a cikin mutum goma ba ya juya sakamako, mai alkunya kuma ya samu sauƙi, don ba a ce masa ya kayar da kowa ba, an ce ya rubuta abin da ya gani. Jarrabawar takarda tana nan a matsayinta, ana ƙara mata abin da ta rasa ne.

Ina malaman suke?

Saura hujjar ƙarancin ma'aikata. Likitan gunduma yana duba marasa lafiya, yana fiɗa, yana rubuta rahoto, yana zuwa taro a Tawa, yaushe zai tsaya kallon ɗalibi? Kuma ashe ilimi ba a babban asibiti yake ba? Nijar ta riga ta amsa rabin wannan tambaya da kanta. A tsakiyar shekarun 2000 ta fara horar da likitocin gama-gari na kimanin shekara guda su iya fiɗar gaggawa a gundumomi, kuma binciken da Farfesa Rachid Sani da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 a kan jihar Dosso ya nuna aikin ya yiwu, tura majiyyata zuwa babban asibiti kuma ya ragu. A Galmi, yamma da Madawa a kan babbar hanyar ƙasa, asibitin da mishan na SIM ya buɗe a 1950 yana horar da ƙwararrun likitocin fiɗa tun 2012 a ƙarƙashin shirin PAACS, horo na shekara biyar da ake rubuta kowane aikin da mai koyo ya yi. Jami'ar Ibadan ta fara kai ɗalibanta karkarar Igbo-Ora tun 1963. A Ostireliya, Jami'ar Flinders ta fara tura ɗalibai su yi shekara cur a ƙananan garuruwa a 1997, kuma nazarin da Paul Worley da abokan aikinsa suka wallafa a 2004 ya nuna sun fi takwarorinsu na babban asibiti cin jarrabawa. Dalili a bayyane yake. A babban asibiti ɗalibai da yawa ne ke kewaye gado guda, a gunduma kuwa gadaje ne suka fi ɗalibai yawa. Ɗalibin shekarar ƙarshe kuma hannu ne: idan ya ɗauke wa likita rubutun tarihin majiyyata na safiya, ya biya minti 20 ɗin da za a kalle shi.

Wannan ba ya nufin a kwashi ɗalibai a zube a Keita a juya baya. Talakan ƙauye ba abin gwaji ba ne, kuma ɗalibin da aka bari shi kaɗai da wuƙa zalunci ne gare shi da majiyyacin duka. Kallon malami shi ne kariyar marar lafiya, tare da neman izininsa da harshensa da mutunta ƙin yardarsa. Abin yana da kuɗinsa: masauki mai tsaro, musamman ga ɗalibai mata, kuɗin mota da na abinci, la'akari da halin tsaron hanyoyi kafin a zaɓi wuri, da horar da likitocin gunduma dabarun kallo da gyara. Dole kuma jami'a ta amince da su a matsayin malamai a rubuce, da alawus, da lissafa wannan aiki a ƙarin girmansu, domin aikin da ba a lissafa shi ba shi ake fara yarwa idan rana ta yi zafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2010 cewa ɗaukar ɗalibai ƴan karkara da koyar da su a karkara suna cikin hanyoyin da ke sa ma'aikatan lafiya su zauna a can. Maraɗi ba ta da nisa da Madawa, likitocin gundumomin nan kuma suna nan a bakin aiki. Abin da ya rage shawara ce da ma'aikatar lafiya, da ma'aikatar ilimi mai zurfi, da shugabannin sassan likitanci za su iya yankewa a zama ɗaya: kada a ba ɗalibi ranar kare kundinsa sai ya kawo shaidar cewa mutane daban-daban sun kalle shi yana duba yaro mai tamowa, da mace mai naƙuda, da majiyyacin da ba ya jin Faransanci, a asibitin gunduma, an gyara masa, ya sake, an gani ya gyaru. Takardar likita alkawari ce da hukuma ke yi wa jama'a cewa ta san abin da wannan mutum ya iya. Mutanen Madawa da Buza da Keita suna da haƙƙin a yi musu wannan alkawari bisa abin da aka gani da ido.